Gaskiya a Ƙofar Ofishin Jakadanci: Ko Ya Halatta Mai Bi Ya Gyara Labarinsa Domin Ya Sami Biza?

Kowace safiya, tun gari bai gama wayewa ba, motoci sukan tashi daga Minna su bi ta Paiko da Lambata da Suleja su nufi Abuja. A cikin fasinjojin ba a rasa mutum ɗaya ko biyu da ke rungume da babban ambulan a ƙirji, ba ya yarda a sa masa shi a bayan mota tare da doya da buhunan masara. A cikin ambulan ɗin akwai fasfo, da hotuna, da takardar bayanin asusun banki ta watanni, da wasiƙar wurin aiki, da takardar aure, da wasiƙar gayyata daga ɗa ko 'ya da ke ƙasar waje. Biza zai je nema. Watakila daren jiya iyalinsa sun taru sun yi masa addu'a, watakila ma an ambaci sunansa a sujadar tsakiyar mako. Amma akwai tambaya guda da ba a cika yi ba a lokacin irin wannan addu'a: shin dukan abin da ke cikin ambulan ɗin nan gaskiya ne?

Tafiya ba laifi ba ce. Uwa tana da dalilin son zuwa ta yi wa 'yarta wankan jego a Ingila, uba yana da dalilin son ganin ranar da za a miƙa wa ɗansa takardar digiri, wanda kuwa ya yi shekara talatin da biyar yana aikin gwamnati yana iya marmarin ganin duniya kafin ƙarfinsa ya ƙare. Hausawa sun ce tafiya mabuɗin ilimi. Matsalar tana tasowa ne a tsakanin wannan kyakkyawan buri da ƙofar da za a bi, domin a nan ne masu bi da yawa, waɗanda ba za su taɓa yi wa maƙwabci ƙarya a kan naira ɗari ba, sukan sa hannu a kan maganar da suka san ba haka take ba.

Abin da takardun suke tambaya

Kafin a yanke hukunci ya kamata a fahimci abin da ake nema. Mataki na farko shi ne fasfo, wanda Hukumar Shige da Fice ta Nijeriya ke bayarwa, bayan mutum ya kawo lambarsa ta shaidar ɗan ƙasa an kuma ɗauki hotonsa da zanen yatsunsa. Daga 1 ga Satumba 2025 kuɗin fasfo mai shafi 32 na shekara biyar ya koma naira 100,000, wato ya ɗara mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka tsayar a 2024. Da fasfo ɗin nan ɗan Nijeriya yana iya zuwa Gana ko Togo ko Senegal ya yi kwana 90 ba tare da biza ba, bisa yarjejeniyar da ƙasashen ECOWAS suka ƙulla a 1979. Wanda zai haye teku kuwa sai ya nemi izinin masu ƙasa.

Kowace ƙasa da nata sharuɗɗa. Bizar baƙunci ta Birtaniya takan ba mutum damar zama har wata shida, kuɗinta kuwa ya kai fam 127 a 2025. Ƙasashen Turai na yankin Shengen, irin su Faransa da Jamus da Italiya, suna ba baƙo kwana 90 a cikin kowane kwana 180, suna neman inshorar lafiya da ta kai yuro 30,000, kuɗin neman kuma ya tashi zuwa yuro 90 a 2024. Dokar shige da fice ta Amurka ta 1952 ta tafi da nisa: ta ɗauki duk mai neman bizar baƙunci a matsayin wanda ke da niyyar zama dindindin, har sai ya gamsar da jami'i cewa ba haka ba ne.

Takardun suna da yawa, amma idan aka tattara su, tambayoyi uku kawai suke amsawa. Wane ne kai? Wa zai ɗauki nauyin tafiyarka? Za ka dawo? Takardar banki tana amsa ta biyu. Wasiƙar wurin aiki da takardar aure da ta gida ko gona suna amsa ta uku, domin suna nuna igiyoyin da suka ɗaure mutum da ƙasarsa. A ƙarshen fom ɗin kuma akwai wurin da mai nema zai tabbatar cewa duk abin da ya rubuta gaskiya ne. Saboda haka neman biza shaida ce da alkawari: shaida a kan abin da mutum yake, alkawari a kan abin da zai yi.

Yadda jarabar take zuwa

A ɗauki misalin wani iyali a Bosso ko Tunga. Maigidan malamin makaranta ne da ya yi ritaya, dattijo ne kuma a ikilisiya. 'Yarsa tana aikin jinya a Ingila, ta haihu, tana so mahaifiyarta ta zo. Suka tafi wurin ejan, ya duba takardar banki ya girgiza kai, ya ce, "Baba, wannan asusun ba zai wuce ba." Sai ya kawo shawara: za a zuba miliyoyi a asusun na 'yan makonni, a buga takarda, sa'an nan a kwashe, a biya shi ladansa. Da ya ga autan gidan, wanda ya gama jami'a shekara uku ba aiki, sai ya ƙara da cewa shi ma ana iya rubuta shi ma'aikacin wani kamfani, in kuma Fasto zai ba da wasiƙa cewa shugaban mawaƙa ne da zai halarci taro, to magana ta ƙare. In ya shiga, sai ya nemi abin yi can.

Babu wanda ya kira wannan ƙarya a ɗakin. Ejan ya kira shi shirya takardu. Uwa ta kira shi taimakon yaro. Uba ya yi shiru, domin ya san halin da ɗansa ke ciki, ya kuma san cewa 'ya'yan wasu sun bi ta nan, ga shi yanzu suna aiko da kuɗi ana gina gidaje, har ana ba da shaidar godiya a gaban jama'a ranar Lahadi. Jaraba irin wannan takan zo ne sanye da rigar ƙauna ga iyali, shi ya sa take da wuyar ganewa.

Hujjojin da ake kawowa

Bai kamata a raina masu bin wannan hanya ba, domin hujjojinsu suna da nauyi. Ta farko ita ce rashin adalcin tsarin kansa. Dattawa sukan tuna cewa Turawan da suka sauka a Lokoja da Zungeru, suka shimfiɗa layin dogo daga Baro ya ratsa Minna ya kai Kano a 1911, ba su nemi bizar kowa ba. Yau jikokin waɗanda suka fasa duwatsun wannan layi su ne ke tsayuwa a rana suna roƙon izini. Kuɗin neman biza ba a mayarwa idan an hana. A 2024 fiye da kashi 40 cikin 100 na takardun da aka shigar daga Nijeriya domin bizar Shengen an ƙi su. Sau da yawa mai gaskiya yakan dawo hannu wofi, a ba wanda ya iya tsara magana. Duk wannan haka yake, Kirista kuma ba ya bukatar musunsa kafin ya riƙe gaskiya.

Sai dai rashin adalcin wani bai taɓa mai da ƙarya ta zama gaskiya ba. Wanda aka tsawwala wa farashi a kasuwa yana iya yin ciniki, yana iya ƙorafi, yana iya juyawa ya tafi, amma ba ya samun izinin biya da jabun kuɗi. Hanyar yaƙi da tsari marar adalci ita ce magana a fili, da rubutu, da matsa wa hukumomi su kare mutuncin 'yan ƙasa a teburin jakadanci, su kuma gyara ƙasa yadda matasa ba za su ga gudu ne kaɗai mafita ba. Ƙarya a kan fom ba ta gyara ko ɗaya daga cikin waɗannan. Abin da take yi shi ne ta ba mai zargi hujjar zarginsa.

Hujja ta biyu ita ce wai ba mutum ake yi wa ƙaryar ba, ofis ne, ofishin ma na baƙi. Amma dokar da ta hana shaidar zur (Fitowa 20:16) ba ta ware ɗan gari da baƙo ba, labarin Basamariye kuma (Luka 10) ya riga ya rushe katangar da mutum yake so ya gina a tsakanin maƙwabci da bare. A bayan gilashin nan mutum ne zaune, an ba shi amanar ƙofar ƙasarsa, kamar yadda ɗan Nijeriya ke riƙe da amanar ƙofa a filin jirgin Abuja. Gaskiyar da ake faɗa wa na gida kaɗai, a hana bare, ba halin kirki ba ce tukuna, dabarar zaman gari ce.

Hujja ta uku ta fi wayo. Ana cewa kuɗin aron nan ai da gaske suna cikin asusun a ranar da aka buga takardar, banki ne ya buga, lambobin kuma daidai suke, to ina ƙaryar? Amsar wannan tana cikin labarin wani matafiyi na dā.

Matafiya uku a Littafi Mai Tsarki

Sa'ad da yunwa ta kori Ibrahim zuwa Masar (Farawa 12:10-20), ya ji tsoro a bakin iyaka, ya roƙi Saratu ta ce ita 'yar'uwarsa ce. Daga baya an bayyana cewa uba ɗaya suke (Farawa 20:12), wato maganar tana da rabin gaskiya. Amma an faɗe ta ne domin mai ji ya gaskata abin da ba haka ba, cewa matar ba ta da miji. Sakamakon ya zama abin kunya: matarsa ta shiga haɗari, annoba ta faɗa wa gidan da bai san hawa ba bai san sauka ba, Fir'auna wanda bai san Ubangiji ba shi ne ya tsawata wa mutumin Allah, ya sa aka raka shi aka fitar da shi daga ƙasar. Kuɗin aro a asusu ƙanwar wannan dabara ce. Lambobin daidai suke, amma saƙon da aka shirya su isar, cewa mai asusun ne ke da kuɗin, ƙarya ne. Ana auna ƙarya da abin da mai magana ya nufa a fahimta, ko da kowace kalma da ya furta tana iya tsayawa a gaban alƙali.

Na biyu su ne Gibeyonawa (Joshuwa 9). Maƙwabta ne na kusa, amma suka ɗauki tsofaffin buhuna da yagaggun salkuna da takalma masu faci da busasshiyar gurasa mai fumfuna, domin a yarda daga nesa suka fito. A yau da an ce sun haɗa takardu. Dabarar ta ci, aka yi musu rantsuwa, bayan kwana uku asiri ya tonu. Ransu ya tsira, amma suka zama masu saran itace da ɗiban ruwa, su da zuriyarsu. Duk wanda ya san rayuwar mutumin da ya wuce wa'adin bizarsa zai gane wannan hoto. Ba ya iya aiki da sunansa, ba ya iya kai ƙara in an cuce shi, gabansa yana faɗuwa in ya ji an ƙwanƙwasa ƙofa, in kuma mahaifinsa ya rasu a Minna sai dai ya kalli jana'izar ta waya, domin in ya fita ba zai koma ba.

Na uku shi ne Nehemiya, mai shayar da sarki Artashate na Farisa (Nehemiya 2:1-9). Da ya nemi izinin zuwa Urushalima, sarki ya yi masa tambayoyin da jami'in biza ke yi har yau: tsawon lokacin da tafiyar za ta ci, da ranar da zai komo. Nehemiya ya yi addu'a a zuciyarsa, ya faɗi ainihin dalilinsa, ya yanka lokaci, ya kuma roƙi wasiƙu zuwa ga masu mulkin lardunan da zai ratsa domin su bar shi ya wuce. Masana da dama suna ganin waɗannan wasiƙu suna cikin tsofaffin misalan takardar izinin tafiya, tun ƙarnuka masu yawa kafin taron da aka yi a Faris a 1920 ya daidaita kamannin fasfo na zamani. Ya tafi a shekara ta 20 ta mulkin sarkin, an kuma rubuta cewa a shekara ta 32 ya koma wurinsa (Nehemiya 13:6). Aikinsa mai tsarki ne, sarkin kuwa baƙo ne mai mulkin mallaka a kan jama'arsa, duk da haka bai ga cewa tsarkin manufa ya ba shi izinin ruɗin sarki ba.

To, ina batun ungozoman Masar?

Mai karatu da ya san Littafi zai tuna da Shifra da Fu'a, waɗanda suka kauce wa umarnin Fir'auna na kashe jarirai maza, suka ba shi amsar da ta rufe gaskiya, Allah kuma ya yi musu alheri (Fitowa 1:15-21). Zai tuna da Rahab da ta ɓoye 'yan leƙen asiri. Malaman ikilisiya sun daɗe suna muhawara a kan waɗannan. Augustin, bishop na Hippo a Afirka ta Arewa, ya tsaya a kan cewa ƙarya ba ta halatta ko da domin ceton rai, ya ce abin da aka yaba wa matan shi ne jinƙansu. Wasu malamai suna ganin mai neman zubar da jinin marar laifi ya riga ya zubar da haƙƙinsa na a gaya masa gaskiya. Ko wane ɓangare mutum ya bi, iyakar muhawarar a fili take: ana magana ne a kan rai da ke bakin takobi.

Dokokin duniya ma sun san wannan bambanci. Yarjejeniyar Janiba ta 1951 a kan 'yan gudun hijira ta hana a hukunta wanda ya tsere wa tsanantawa saboda ya shiga ƙasa ba bisa ƙa'ida ba, muddin ya gabatar da kansa ga hukuma ba da ɓata lokaci ba. Arewacin Nijeriya, har da sassan Jihar Neja irin su Shiroro da Munya, ya ga mutanen da aka kora daga gidajensu da bindiga, ba kuwa wanda ya isa ya yi wa irin waɗannan wa'azi daga kan kujera mai laushi. Amma rashin aiki, duk da zafinsa, ba takobin Fir'auna ba ne. Wanda kuma ya ari labarin tsanantawar da bai sha ba, ya ce an ƙone masa gida alhali gidansa na tsaye a Kpakungu, ya ci da jinin waɗanda aka kashe da gaske, ya kuma sa a yi shakkar mai gaskiyar da zai zo bayansa.

Wa ke biyan bashin?

Ana ɗaukar ƙaryar biza kamar laifin da ba ya cutar da kowa. Na farko da take cuta shi ne mai yin ta. Birtaniya tana hana wanda aka kama da yaudara a takardunsa shiga ƙasarta har shekara 10. A dokar Amurka, wanda ya yi ƙarya da gangan a kan muhimmin abu yana iya rasa damar shiga har iyakar ransa, dokar 1996 kuma ta sa wanda ya zarce wa'adinsa da fiye da kwana 180 ya jira shekara 3 bayan ya fita, wanda ya zarce da shekara guda ko fiye ya jira shekara 10. Tun da aka fara ɗaukar zanen yatsu, sauya suna ko fasfo ba ya share tarihi. Ejan ya karɓi ladansa ya wuce, sunan da ke kan fom ɗin kuwa na mai nema ne. Ramin ƙarya ƙurarre ne.

Na biyu su ne waɗanda ke bayansa a layi. Wake ɗaya ke ɓata gari. A Yuli 2025 Amurka ta rage yawancin bizar baƙunci da take ba 'yan Nijeriya zuwa wata uku da shiga sau ɗaya, a Disamba na shekarar kuma ta sa Nijeriya cikin ƙasashen da ta taƙaita wa biza, cikin dalilan da ta bayar har da yawan masu wuce wa'adi. Mutum yana iya ganin matakin ya yi tsauri, yana iya cewa akwai siyasa a ciki, amma ba zai musa cewa waɗanda suka karya alkawari sun miƙa sandar da aka doki 'yan'uwansu da ita ba.

Abin ya zo har cikin gida. Hukumar kula da ziyarar ibada ta Kirista ta Nijeriya, wadda aka kafa bisa doka a 2007, ta sha kokawa a kan maziyartan da ke sulalewa su ɓace a Isra'ila, shi ya sa ake tsananta tantancewa, ake kuma neman masu tsaya wa maniyyaci. Wanda ya tsaya a bakin Kogin Urdun yana waƙar yabo alhali ya riga ya shirya ta inda zai gudu da dare, ya mai da ibada mayafi, ya bar wanda ya tsaya masa cikin tsaka mai wuya, ya kuma ƙuntata hanya ga tsohuwar da ta yi shekaru tana tara kuɗi domin ta ga Baitalami.

Takarda mai tambarin ikilisiya

Nan ne nauyi ya fi sauka a kan fastoci da dattawa da sakatarorin ikilisiya. Ana neman wasiƙar ikilisiya ne domin ana zaton ikilisiya ba ta ƙarya. Wannan zato dukiya ce da masu bi na farko suka tara da aminci, ana kuwa iya ƙarar da ita cikin 'yan shekaru. Fasto yana iya rubuta cewa ya san wance, memba ce ta shekaru kaza, tana cikin zumuntar mata, idan haka ne. Ba ya iya naɗa wa mutum muƙamin da bai riƙe ba, ko ya aike shi taron da babu shi. Matsin yana da ƙarfi, musamman idan mai roƙon yana cikin masu ba da baiko mai tsoka, ko kuwa ɗan dattijo ne. Amma labarin Hananiya da Safiratu (Ayyukan Manzanni 5:1-11) ya nuna yadda ikilisiyar farko ta ɗauki bayanin kuɗi na ƙarya. Bitrus ya tuna musu cewa gonar tasu ce, kuɗin ma nasu ne, ba wanda ya tilasta musu. Laifinsu shi ne nuna abin da ba haka ba.

Haka kuma ya kamata a yi hattara da irin shaidar da ake bari a bayar a gaban jama'a. Idan aka tafa wa wanda kowa ya san da takardun jabu ya tafi, aka kira abin buɗin Allah, yaran da ke zaune a benci sun koyi darasin da makarantar Lahadi ba za ta iya gogewa ba.

Hanyar da ta rage wa mai gaskiya

Riƙon gaskiya bai hana shiri mai kyau ba. Manzo Bulus ya san haƙƙinsa na ɗan Roma, ya kuma yi amfani da shi sa'ad da za a yi masa bulala ba shari'a (Ayyukan Manzanni 22:25-29). Mai nema yana iya karanta sharuɗɗan da kansa a shafin ofishin jakadancin, ya tattara kowace shaida ta gaskiya da ke goyon bayansa: fansho, gona, haya, jikokin da yake riƙo. Idan 'yarsa ce za ta ɗauki nauyin tafiyar, sai a faɗi haka a fili a haɗa da takardunta, domin ƙasashe da yawa sun yarda da mai ɗaukar nauyi, kuma asusu ƙarami da aka san tushensa ya fi babban da ya kumbura dare ɗaya. Idan an taɓa hana shi biza aka kuma tambaya, ya faɗa. Idan ejan ne ya cika fom, kada ya sa hannu sai ya karanta ko an karanta masa layi layi. Ba dole ne ya ba da labarin da ba a tambaye shi ba, amma abin da aka tambaya ya amsa yadda yake. Matashin da aiki ko karatu yake so, ya nemi bizar aiki ko ta karatu, ko da hanyar ta fi tsawo.

Duk da haka ana iya hana shi. Babu inda aka yi wa mai bi alkawari cewa gaskiya za ta buɗe kowace ƙofa a duniyan nan. Zabura ta 15, da take kwatanta wanda ya cancanci zama a wurin Ubangiji, ta ambaci mutumin da ke cika rantsuwarsa ko da ta jawo masa hasara. Uwar nan ta misali tana iya komowa Minna da yamma, kuɗi sun tafi, jikanta kuma sai a hoto. Wannan ciwo ne na gaske, ya kamata ikilisiya ta taya ta ɗauka, kada a bar ta da zaton bangaskiyarta ce ta kasa. Amma ta dawo da sunanta ba tabo, tana iya sāke nema, ɗanta kuma ya ga da idonsa cewa abin da iyayensa ke koyarwa a sujadar iyali yana da farashi, sun kuwa biya.

Waɗanda suka riga suka bi ta karkatacciyar hanya ba a rufe musu ƙofa ba. Ibrahim da ya fito daga Masar ya koma wurin bagaden da ya gina da fari, ya yi kira ga Ubangiji (Farawa 13:3-4). Tuba tana farawa da kiran abu da sunansa, sa'an nan a nemi shawarar lauya na gaskiya a kan yadda za a daidaita zama ko a dawo gida. Iyalai kuma su sauke wa 'ya'yansu nauyin kunyar dawowa, domin da yawa suna ɓoye a can ne saboda tsoron abin da za a faɗa a nan.

Minna kanta gari ne da baƙi suka taya Gbagyi ginawa tun zamanin jirgin ƙasa, har yau kuma tana karɓar waɗanda rashin tsaro ya koro daga ƙauyuka. Masu bi da ke jin zafin yadda ake bi da su a ƙofar wasu, sai su dubi yadda suke bi da baƙon da ke ƙofarsu (Littafin Firistoci 19:33-34). Kafin kuma a liƙe ambulan a kama hanyar Abuja, bari maigida ya tara iyalinsa, a shimfiɗa takardun a kan tabarma, a dube su ɗaya bayan ɗaya. Duk wadda ba za a iya ɗora hannu a kanta a yi addu'a da lamiri mai tsabta ba, a cire ta. Ubangiji ya kiyaye fitar bayinsa da komowarsu, ya sa a san su da gaskiya a gida da waje. Amin.